Kwana Biyun da Na Kame Bakina

Markar bana ta same ni a Dogon Dutsi, gidan 'yata Hadiza. Na zo ne da niyyar kwana uku, in ajiye mata kuka da daddawa in koma ƙauye, sai sama ta rufe. Kwana shida ba a ga rana ba. Ba ruwa ne mai tsawa ba, yayyafin nan ne da ba ya yi ba ya bari, wanda yake jiƙa itace ya sa ashana ta ƙi kamawa, tufafi su yi tsami a kan igiya. Da irin wannan sanyin mura take shigowa gari. Gida-gida kana jin tarin yara ta bayan katanga, wannan ya yi wancan ya amsa.

A rana ta huɗu murar ta kama Abdul, ɗan Hadiza na fari, mai shekara uku. Da hantsi yana tsalle a tsakar gida, kafin azahar ya kwanta jiki rau, ido ja, hanci na zuba, yana cewa ƙafafunsa na ciwo. Ina zaune kan tabarma ina tsintar wake sai na ga Hadiza ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, a gabana, ta kira sunansa gatsau, ta manna bakinta a goshinsa. Ta ɗage masa riga har wuya, ta ajiye waya a gefe, ta ƙura wa ƙirjinsa ido tana motsa leɓe.

Na ce, "Mi kika ƙidaya?"

Ta ce, "Numhwashinai, Umma. An ce ga yaro kamatai in ya kai arba'in cikin minti guda, ko ƙasan awazu na lotsawa ciki, ba a jira. Nashi bai kai ba. Amma in an yi la'asar za mu likita a yi mai tes na jini, don palu, zazzaɓin sauron nan, shi ma haka shika hwarawa."

Umma wai. Tun da ta auri ɗan kasuwar nan mai gemu da ɗangalallen wando na tashi daga Inna na koma Umma. Yaron kirki ne, ba ni da abin cewa, sai dai a gidansa ba a san kunyar ɗan fari ba, ya ce shi bai gan ta a littafi ba. Na ce mata, "Ke dai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ɗan hwari kika sumba gaban uwarki?" Ta yi dariya ta ƙara ƙanƙame shi. Suka je aka duba jinin, ba zazzaɓin sauro ba ne, mura ce, aka ce a yi ta ba shi ruwa da kunu ya huta. Kwana biyar ya miƙe ya koma ɓarnarsa. Amma ni tun daga ranar ban sake samun sukuni ba. Kishi ne ya taso mini, kishin 'yar da na haifa da cikina, ba kuwa zan ɓoye ba. Ita ta duba ƙirjin ɗanta a kan cinyarta. Ni nawa ta kafar darni na hango shi.

Shekara talatin ke nan da 'yan kai. Muna wani ƙauye a ƙasar Sukukutane, tafiyar hantsi zuwa azahar daga garin ga mai ƙafa. Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni da Yaya Hassu, wadda ta girme ni da shekara tara. Allah ya sa aka aurar da mu gari ɗaya, gidan mijinta da na mijina darnin kara ne kawai a tsakani. Yaya ta daɗe da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ni kuwa shekarata guda na haifi namiji ana tsakiyar noma, ita ta sa masa Nomau. Sunansa na yanka har yau bai taɓa fita bakina ba.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa idan da mutane. Nono ma sai an matsa mata, ta ba shi tana kau da kai. Wadda ta fi nuna ba ruwanta ita ake yabo, ni kuwa an yabe ni ƙwarai. Da ya isa yaye aka kai shi ɗakin Yaya, tunda uwarmu ta riga mu gidan gaskiya. Yaye mako ne, in ya yi tsawo wata guda. Wata ya wuce, aka ga ciki ya fito mini, ba wanda ya sake tayar da maganar dawo da shi. Maigidana ya ce ɗa na kowa ne, kuma taku nawa ne tsakani? Ni wa zan buɗe baki in ce wa a ba ni ɗan farina? Sai a yi da ni a bakin rijiya har kaka. Haka ya tashi yana ce wa Yaya Inna, ni kuma yana ce mini Dije, yadda kowa yake ce mini.

Akwai wata kafa a darnin, akuya ce ta ci karan, daidai inda turmina yake. Sau biyu maigida ya ce zai toshe ta, ina cewa ya bari, kaji ne ke bi. Ta nan nake ganin ana yi masa wanka, ana ba shi fura, ana yi masa tawai. Ta nan na ga ranar da ya fara gudu.

Shekarar da nake faɗa ruwa ya makara. Shukar fari ta ƙone, aka sake binne iri, kafin a kai ga noma na biyu rumbu ya yi ƙasa. Da asuba in tafi rijiya, in dawo in auni tiya guda ta hatsi, kwanon awon nan, ita ce ta mutum bakwai har gobe. In surfa, in ajiye dusar don ita ma ci za a yi, in dama fura tsararo wadda kana ganin fuskarka a ciki. Da rana tsaka in ɗora ƙwarya a ka, Hadiza a baya tana 'yar shekara guda, in kai wa maza gona, in same su suna tura hauya mai doguwar ƙota, ciki ya manne da baya. A hanyar dawowa in tsinko tafasa da yaɗiya, a dafa a matse a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli in akwai. Anza, 'ya'yan itacen dajin nan, muna jiƙa ta kwana da kwanaki muna sake mata ruwa kafin ɗacin ya ragu, duk da haka sai ka rufe ido ka haɗiye.

Sai marka ta sauka a kan yunwar. Ɗakuna suka yi ta yoyo, muna kai ƙore nan muna kai kasko can. Ɗanyen itace ya ƙi ci sai hayaƙi, idon kowa ya yi ja. Kwaɗi da sauro suka raba gari a tsakaninsu. Abin da ya fi ciwo, hatsi ya yi ciki ya fara fidda kai, ga abinci tsaye a gona ya fi tsawon mutum, amma ko tumu ba a kai ga gasawa ba. Gidan Yaya sun fi mu ɗan dama, don mijinta yana da saniya mai tatsa. Kullum ina kallo ta kafar nan tana zuba wa Nomau nono a fura, yana sha yana lashe ludayi. Ya kamata in gode wa Allah ɗana na ƙoshi. Na gode, amma ba da zuciya ɗaya ba, don hannun da yake ba shi ba nawa ba ne.

A cikin haka mura ta shigo. Ta fara daga gidan maƙera ta bi layi, ba ta tsallake yaro ko ɗaya ba. A gidanmu Hadiza ta fara kamawa. Jiki ya yi zafi farat ɗaya, majina, tari, amai sau biyu. Na yi mata abin da aka saba: nono a kai a kai, ruwan kunu da tsamiya da ɗan citta, man shanu a ƙirji. Ban tsorata ba, domin tana tsala kuka har a ji ta bakin masallaci, tana kama nono da ƙarfi, tana jiƙa mini zane. Kwana uku zazzaɓin ya sauka, tarin ya ɗan ja, ta koma jan kunnen akuya.

Ranar Juma'a murar ta kama Nomau. Na ji tarinsa tun kafin in gan shi. Na kasa haƙuri, na ɗauko ɗan kanumfarin da nake ɓoyo tun sunan Hadiza, na dama kunu mai kauri daga rabona, na miƙa ta saman darni. Ban lura ba ashe mata na sussuka a tsakar gidan Yaya. Ta dubi ƙwaryar ta dube ni, ta tafa hannu.

"Ku dibo min marar kunya! Ɗan hwari anka dama ma kunu? Ke ji da taki ɗiya, Dije, nau ɗa ya sha ya ƙoshi."

Matan suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Wasa take yi, yanzu na sani, irin wasan da ake yi wa kowace uwar ɗan fari. A ranar dai ban ji shi a wasa ba. Na janye ƙwaryar, na shanye kunun a tsaye da zafinsa har ya ƙone mini harshe, don ba shekarar zubar da abinci ba ce. Na rantse a raina ba zan sake sa baki a sha'anin yaron nan ba sai ta tako da ƙafarta ta roƙe ni.

Litinin ya samu sauƙi. Ya nemi tuwo, ya fito yana taka ruwan da ya kwanta a ƙofar gida. Kowa ya ce an wuce wurin. Talata da la'asar ina daka sai na ji Yaya tana cewa zazzaɓin ya dawo. Na sunkuya kamar mai gyara turmi na leƙa. Ta tuɓe shi tana goge masa jiki da ruwan ɗumi, yana zaune a kan kujera 'yar tsugune, ya juyo da gabansa wajena. Duk numfashin da ya ja sai ƙasan awazunsa ya lotsa ciki, kafofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa. Numfashin kuwa sauri-sauri, kamar na ɗan tsakon da ya sha rana.

Na san wannan numfashin. Ina 'yar shekara goma, bayan an kai Yaya ɗakin miji, ni nake goyon ƙanenmu Sani. Haka ya yi kwana uku a bayana, a na huɗu aka kwance shi aka kai shi makwancinsa. Yaya ta zo gaisuwa ne kawai, ba ta ga yadda abin ya faro ba, kuma ba ta taɓa jinyar yaro ba. Duk ƙauyen nan in akwai wadda ya kamata ta yi magana a ranar, ni ce.

Na ajiye taɓarya, na isa jikin darni, har na buɗe baki. Sai na ga ta ɗauke shi ta kwantar da kansa a ƙirjinta tana yi masa waƙa ƙasa-ƙasa, shi kuma ya sa hannu ya riƙe wuyan rigarta. Na koma na ɗauki taɓaryata. Na ce wa kaina kunya ce, in na yi magana za a sake yi mini guɗa. Ƙarya nake. Kunyar dai akwai ta, amma mayafi ce kawai, abin da ke ƙarƙashi kishi ne. So nake ta kasa. So nake ta shigo gidana ta ce, "Dije, zo ki diba min, ke kin san ɗiya." Sai in ɗauko shi in kai shi ɗakina da sunan jinya, daga nan kuma mu ga mai ƙarfin halin da zai zo ya ce in maido shi. Har inda zan shimfiɗa masa tabarma na zaɓa.

Laraba aka yini ana ruwa. Tarin ya canza, ya koma gajere, busasshe, da ɗan nishi a ƙarshe. Kuka kuwa ya daina gaba ɗaya. Da yamma aka ɗan tsagaita muka haɗu a rijiya, na ji Yaya tana ba mata labari da fara'arta.

"Alhamdu lillahi, jiki ya yi sauƙi. Tun jiya bai yi kuka ba, barci ɗai shikai. Ko hura sai na tashe shi, shi kurɓa shi koma."

Ina riƙe da igiyar guga. Ta dube ni, kamar tana jiran in ce wani abu. Na ce, "Allah shi ƙara sauƙi." Na ɗauki tuluna na wuce. A duk maganganun da na yi a duniya, har da zagi da gori, babu wadda nake ƙi kamar wannan.

Alhamis rana ta fito, ranar da mijin Yaya ya kira gayya a gonarsa ta wake. Ya sayar da tunkiya ya auno dawa. A shekara irin wannan gayya ba ta bukatar roƙo, kowa ya san za a ci a ƙoshi. Tun da sassafe maza suka wuce da hauyoyi a kafaɗa, mai ganga na binsu. Mu mata muka taru a gidan Yaya, tukwane uku a kan murhu, wasu na niƙa, wasu na kaɗa miya, ƙanshin daddawa ya sa yara sun kewaye mu ba mai ƙifta ido. Ƙasa tana fitar da tururi, zufa na bin bayan kowa.

Yaya ce a kan babbar tukunya tana tuƙi, Nomau a goye. Ni aka ba jidar ruwa, don haka duk zuwa sai na bi ta bayanta. Zuwa na uku na tsaya. Kansa ya langaɓe gefe, yana bin motsin muciya. Ido a lumshe, leɓɓansa sun yi launin toka. Duk da ƙarar turmi da surutun mata ina jin nishin nan a ƙarshen kowane numfashi. Na ɗebo ruwa a ludayi na kai bakinsa. Ruwan ya bi haɓarsa ya sauka a zanen Yaya, bai haɗiye ko ɗigo ba.

Wata ta ce, "Kai, Dije! Yau kuma?"

Ban san lokacin da na fizge muciyar daga hannun Yaya ba. Na ce, "Kwance shi."

"Mi?"

"Nic ce ki kwance shi ki diba awazunai!"

Ta kwance shi ta ɗora a cinya, aka ɗage riga, kowa ya gani. Uwar mijin Yaya, tsohuwa mai faɗa a ji, ta matso ta leƙa ta ce, "Iska ta. Yaron ga ya yi wasa bakin ruwa da rana tsaka, an shahe shi. A kawo garwashi da turare." Har wata ta nufi murhu da kasko. Yaron da numfashi yake gagara, shi za a turnuƙe da hayaƙi.

Ban kalli tsohuwar ba, Yaya na kalla. Na ce, "Haka Sani yay yi."

Wannan kam ko ina kishi sai in faɗa. Yaya ba ta tambaye ni komai ba, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta mayar da shi baya ta ɗaure, ta tsallake tukunyar tuwon mutum ashirin da wani abu, ta fita ko takalmi babu. Tsohuwa na kira, ko waiwaye. Na suri Hadiza na bi ta.

Yau da haka ta faru, waya za a buga, kafin ka ɗaura ɗankwali babur ya tsaya a ƙofar gida. A lokacin amalanken jaki ne, shi ma ba ya iya haye kwarin da ke tsakaninmu da Sukukutane, inda asibiti yake, idan ya cika. Muka bi turba a cikin jiƙaƙƙen rairayi, ƙafa na nutsewa, hatsi ya rufe mu dama da hagu babu inda iska za ta shigo. Rabona da abinci tun furar jiya, idona na ganin duhu-duhu. A kwarin ruwa ya kai mana cinya, muka riƙe hannun juna muka haye, muna fita ta saki nawa. Hadiza na bayana tana gwaranci abinta. Sau ɗaya na ce, "Yaya, mu yi musanya ki huta." Ta ce, "A'a." Shi ke nan maganar da muka yi a hanya.

Likitar, wato asibitin, ɗaki biyu ce ta siminti, barandar cike da mata da yara masu tari. Babban ma'aikacin wurin, wanda ake ce wa majo, wani dogon Bazabarme ne mai Hausa a karkace. Ya fito kiran na gaba, idonsa ya faɗa kan goyon Yaya, ya ɗaga mayafin ya duba, sai ya ja mu ciki ya bar layi na gunaguni. Ya kwantar da yaron, ya dubi agogon hannunsa yana ƙidaya, ya kara abin sauraro a ƙirji da baya.

Ya ce, "Wa ne uwa?"

Yaya ta ce, "Ni ta." Ni kuwa na dubi ƙasa.

"Yaushe ya yi fitsari?"

"Tun jiya da hantsi."

"Numfashi fa, yaushe ya fara haka?"

"Yau da sahe."

Ya girgiza kai. "Wannan ba na yau ba ne. Ku tuna da kyau, ina so in sani."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ji bakina ya ce, "Tun Talata da la'asar."

Majo ya ɗago. "Ke kin gani tun Talata?"

"Na gani."

Bai yi mini faɗa ba, ya rubuta a takarda kawai. Da ma faɗan ya yi. Yaya ta juyo ta dube ni, kallon da ba ta taɓa yi mini ba tun ina yarinya. Babu fushi a ciki. Kallo ne na mai lissafa kwanaki, ta tuna rijiya, ta tuna abin da na ce mata a can.

Majo yana haɗa allura yana magana da ƙarfi, don matan baranda su ji. Ya ce murar ce ta buɗe hanya ciwo ya sauka a huhu. Ya ce yawancin mura da ruwa da abinci da hutu take wucewa. "Amma zazzaɓi ya tafi ya dawo, numfashi ya yi sauri, awazu yana shiga ciki, yaro ya ƙi sha, ko ya yi jijjiga, ku zo ranar, ba gobe ba. Yaro mai kuka da ƙarfi bai ba ni tsoro. Wanda ya yi shiru, barci barci, a tashe shi ya koma, shi ne yake ba ni tsoro." Da ya ambaci shirun, Yaya ta rufe fuska da gefen zane. Abin da ta tsaya a rijiya tana yi wa hamdala ke nan.

Kwana biyar muka yi a barandar nan, allura safe da yamma, ruwa da cokali kaɗan-kaɗan. Mazanmu suna kawo fura su koma gona. Tsakanina da Yaya babu komai sai "miƙo" da "karɓi". A kwana na uku zufa ta karyo masa, numfashin ya fara lafawa. Yaya ta fita wanke zane, ni kaɗai ce a kansa, sai ya buɗe ido. Na ɗebo ruwa na kai bakinsa, ya haɗiye, na ƙara, ya haɗiye. Cokali uku. Tun yaye bai sha komai daga hannuna ba sai ranar. Ina cikin jin daɗin da ban san inda zan sa shi ba, ya leƙa bayana ya ce, "Dije, ina Inna?" Na tashi na kira masa ita.

Ranar da aka sallame mu sama ta washe. Majo ya ba da magani ya ce a shanye shi duka ko da yaro ya koma wasa. Muka kamo hanya, Yaya a gaba da goyonta, ni a baya da nawa. Da muka iso kwarin, ruwa ya janye, bai wuce idon sawu ba. Maimakon ta shiga sai ta ratse gindin wani kalgo, ta kwance Nomau ta tsayar da shi a ƙasa a tsakaninmu. Ya rame, ƙafafunsa sai rawa suke.

Ta ce, "Dije, tun Talata kig gani."

Na ce, "I."

"Kunya ta?"

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Na ce, "Ba kunya ɗai ba ta, Yaya."

Ta ce, "Na sani." Ta share hanci da bayan hannu. "Ga shi nan. Ke kih haihe shi. In kina so ki goya shi ki wuce da shi ɗakinki. Ni za ni hwaɗa ma mutane ni nim maido shi da kaina, ba mai yi miki dariya. Ba ni son shi sake kwana biyu irin waɗancan sabadda ni da ke."

Na yi murna, ba zan yi ƙarya ba. Abin da na shekara ɗaya da rabi ina nema, ga shi an miƙo mini ba roƙo. Na sauke Hadiza na zaunar da ita a kan ganye, na sassauta zane, na durƙusa na juya masa baya, yadda ake yi wa yaro ya hau. Na ce, "Zo." Na jira. Ina jin 'yan takunsa a jiƙaƙƙen rairayi, ɗaya, biyu, uku. Ban ji nauyi a bayana ba.

Na waiwaya. Ya kama zanen Yaya da hannu biyu, ya cusa fuska a gwiwoyinta. Ita kuwa ta ɗaga hannuwanta sama don kada ta taɓa shi, tana kallon ganyen kalgo, hawaye na zuba. Da na so da na ɗauke shi. Ba shi da ƙarfin ƙi, ita ta riga ta ba da, babu kowa a dajin nan sai mu.

Na miƙe na karkaɗe gwiwa. Na ce, "Goya shi, Yaya. Ƙasa da sanyi."

Ni na ɗaga shi na ɗora mata a baya, ni na ja majanyin na ɗaure. Kafin mu gama haye kwarin har ya yi barci, kumatunsa a kan kafaɗarta. Ita ba ta ga wannan ba. Ni da nake bayanta ni na gani, kuma har gida ban ɗauke ido ba.